Yadda Za Ka Sa Ƙirƙirarriyar Basira Ta Zana Maka Ɗakinka Kafin Ka Sayi Fenti

Kuskuren da ya fi ciwo a gyaran ɗaki shi ne wanda ba ka gane shi sai fenti ya bushe. Ka zaɓi kala a ɗan katin da bai kai tafin hannu ba, mai fenti ya yi kwana biyu yana fama, ka shigo ka tsaya a bakin ƙofa, sai gabanka ya faɗi: ba ita ba ce. Ko kuma kujerun da suka tafi da hankalinka a shago, da aka kawo su suka cinye rabin falon, har sai an karkace ake wucewa. Irin wannan asarar ce manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda aka fi sani da AI, suke iya rage maka. Za ka ga ɗakinka da kala goma, labule iri biyar, gado a wannan bangon ko a wancan, duk a zama ɗaya, ba ka taɓa aljihu ba.

Abin bai daɗe da zuwa hannun jama'a ba. Midjourney, mai zana hoto daga rubutu, ya buɗe ƙofarsa a watan Yulin 2022, takwaransa Stable Diffusion ya biyo baya a Agusta, ChatGPT na kamfanin OpenAI ya fito a Nuwamban wannan shekarar. Daga nan ne ƙananan manhajojin gyaran ɗaki suka yi ta ɓullowa kamar an buɗe musu keji.

Amma ka riƙe abu ɗaya tun yanzu, domin duk matakan da ke tafe a kansa suka tsaya: waɗannan manhajoji masu zanen hoto ne, ba su san awo ba. An horar da su da ɗimbin hotuna haɗe da bayanin abin da ke cikin kowanne. Yawancinsu idan ka ba su umarni, suna farawa ne da wani hoto mai ɗigo-ɗigo irin na talabijin da ta rasa tasha, su riƙa share hazon kaɗan-kaɗan har siffar da ta dace da kalamanka ta bayyana. Burinsu kawai hoton ya yi kama da ɗaki mai kyau. Ko kujerar za ta shiga ta ƙofarka, ko murfin kabad zai buɗe bai bugi gado ba, wannan ba ya cikin lissafinsu ko kaɗan. Kai ne za ka kawo lissafin.

Matakin farko: tef da takarda

Ajiye wayar tukuna. Nemi tef na awo, biro da takarda. Zana ɗakin kamar kana kallonsa daga sama, ba sai ya yi kyau ba. Rubuta tsawo da faɗi da tsayin bango daga ƙasa zuwa silin. Sai ka bi bango ɗaya bayan ɗaya: faɗin taga nawa, daga ƙasa zuwa bakinta nawa, daga kusurwa zuwa gefenta nawa. Haka ƙofa, har da gefen da take buɗewa, ciki ko waje, hagu ko dama. Yi alama a duk inda soket yake, da makunnin fitila, da inda fanka ko na'urar sanyaya ɗaki take. Idan akwai ginshiƙi da ya turo ciki, ko bango ya ɗan karkace, rubuta shi, don irin su ne ke ɓata aiki a ƙarshe.

Kada ka manta da hanyar da kaya za su bi su shigo: faɗin ƙofar gida, lungun da za a karya kwana, matakalar bene idan akwai. Kujera na iya dacewa da falo ta ƙi shiga ta ƙofa.

Akwai manhajojin da ke awo da kyamara, irin su magicplan, kuma wayoyin iPhone samfurin Pro tun daga iPhone 12 Pro na 2020 suna ɗauke da na'urar LiDAR mai auna nisa da haske. Suna taimakawa wajen fitar da taswirar ɗaki da sauri. Duk da haka, wurin da kafinta zai yi aikin da zai shiga daidai tsakanin bango biyu, ka sa tef da hannunka. An ce ido ba mudu ba amma ya san ƙima, to a nan ƙima ba ta isa ba, santimita biyar na iya hana kabad zama.

Sannan ka lura da rana. Tagar da ke kallon gabas tana samun hasken safiya, mai kallon yamma tana shan zafin la'asar. Rubuta wannan ma, zai yi maka amfani idan aka zo kan kala da labule.

Ɗaukar hoton

Nan mutane da yawa suke yin sakaci, sannan su ɗora wa manhaja laifi. Abin da ka ba ta, a kansa za ta yi gini. Kwashe tarkacen da ke ƙasa da kan teburi. Ɗauki hoton da rana, ka ɗage labule, ka kashe fitilun ɗakin don kada haskensu ya sauya kalar bango. Tsaya a bakin ƙofa ko a kusurwa, ka riƙe wayar a kwance, daidai ƙirjinka, kada ta sunkuya kada ta ɗaga kai, ta yadda layukan bango za su tsaya tsaye. Yi ƙoƙari bango biyu ko uku su fito, da ɗan ƙasa da ɗan silin.

Ka guji madubin nan mai faɗaɗa hoto, wanda ake rubuta masa 0.5 a kyamarar waya. Yana sa ƙaramin ɗaki ya yi kamar zaure, ita kuma manhajar ta yarda, ta cika maka shi da kayan da ba su da wurin zama. Bar shi a kan 1. Ɗauki hoto huɗu ko biyar daga kusurwoyi daban-daban, za ka buƙace su.

Wani abu da ba a cika tunawa da shi ba: hoton cikin gidanka za ka tura wa kwamfutocin wani kamfani. Kafin ka ɗauka, kawar da hotunan iyali da ke bango, takardu masu suna ko adireshi, da duk wani abu mai daraja da ba ka son baƙo ya san kana da shi. Kada yara su fito a ciki. Waya takan liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi, ana iya kashe wannan a saitin kyamara. Kuma a manyan manhajojin hira akwai wurin da za ka hana a yi amfani da abin da ka tura wajen horar da na'ura. Minti biyu ne, ka shiga ka duba.

Yi hira kafin ka nemi hoto

Wannan matakin shi na fi ba muhimmanci, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Kowa ɗokin ganin hoto yake. Amma ƙwararren mai tsara ɗaki ba ya fara zane sai ya yi maka tambayoyi, kuma manhajojin hira irin su ChatGPT, Gemini na Google, Claude ko Copilot na Microsoft sun iya wannan aikin sosai idan ka sa su.

Ka ba manhajar awon ɗakin, ka tura hoton, sannan ka ce mata wani abu kamar haka: "Ina so in gyara wannan ɗakin. Kafin ka ba ni shawara, yi min tambayoyi goma, ɗaya bayan ɗaya, kan yadda muke amfani da shi." Ko ka ce mata "ka" ko "ki", ba ta damu ba. Za ta tambaye ka mutum nawa ke zama a ciki, ko akwai ƙananan yara, ko ana karatu ko aiki a wurin, wane kaya ne ba za ka rabu da shi ba, gidan naka ne ko haya kake, me ya fi damunka da ɗakin a yanzu. Amsa da gaskiya. Idan matsalar ita ce babu wurin ajiye kaya, faɗi haka, domin ɗakin da ke fama da rashin ma'aji ba sabon fenti zai warkar da shi ba. Idan haya kake, ka ce ba a fasa bango, ba a canza tayil. Idan kuɗin da ka ware na fenti da labule ne kawai, faɗa mata tun farko, in ba haka ba za ta yi ta kawo maka marmara da fitilun otal.

A ƙarshen hirar ka ce ta taƙaita maka komai a sakin layi ɗaya. Kwafi wannan ka adana. Shi za ka riƙa liƙawa duk lokacin da ka buɗe sabuwar hira ko ka koma wata manhajar.

A nan ne kuma za ka koyi sunayen salo, don na'urar ta fi gane suna fiye da kwatance. Salon Sikandinabiya shi ne na farin bango da katako mai haske, kaya kaɗan. Japandi haɗin wancan ne da na Japan, kayan suna da ƙasa-ƙasa, kalolin suna kusa da na ƙasa da itace. Bauhaus sunan makarantar da Walter Gropius ya kafa ne a Weimar ta Jamus a 1919, daga can aka san kujerun bututun ƙarfe da layuka miƙaƙƙu marasa ado. Art Deco kuwa ya samo sunansa daga baje kolin da aka yi a Paris a 1925, shi ne mai ruwan zinare, karammiski da zane mai kusurwoyi. Ba dole ka hadace su ba. Idan ka ga hoton ɗakin da ya burge ka, tura mata ka ce ta gaya maka sunan salon da abubuwan da suka sa ya zama haka.

Wace manhaja?

Kashi uku ne a takaice, kuma kowanne da inda ya fi ƙarfi.

Akwai masu ƙirƙiro hoto daga rubutu zalla, irin su Midjourney da Firefly na Adobe. Hotunansu suna da kyau ƙwarai, sun dace da lokacin da kake laluben abin da ranka yake so. Sai dai ɗakin da za su ba ka na mafarki ne, ba naka ba.

Akwai masu karɓar hoton ɗakinka su sauya masa kaya, irin su RoomGPT da Interior AI, har da ChatGPT da Gemini waɗanda yanzu suna gyara hoton da ka tura musu. Abin da ya buɗe wannan hanyar sosai shi ne wata dabara mai suna ControlNet da masu bincike a Jami'ar Stanford suka fitar a 2023, wadda ke sa na'ura ta riƙe layuka da zurfin hoton asali yayin da take canza abin da ke ciki. Ga mai gyaran ɗaki ɗaya, wannan kashin ne ya fi amfani.

Na uku su ne masu aiki da awo na gaske, irin su Planner 5D, Homestyler da SketchUp, inda kake shigar da mita da santimita ka jera kaya da girmansu. IKEA Kreativ na kamfanin kayan ɗaki na IKEA, wanda ya fito a 2022, yana ɗaukar ɗakinka da kyamara, ya goge kayan da ke ciki, ka saka na kamfanin daidai girmansu. Hotunan wannan kashin ba su kai na sauran ɗaukar ido ba, amma su ne ba sa yi maka ƙarya kan fili.

Shawarata: ka yi mafarki da na farko idan kana so, ka yi ainihin aikin da na biyu, ka tantance da na uku. Yawancinsu suna barin ka gwada hotuna kaɗan kyauta. Kada ka biya kuɗin wata-wata sai ka ga abin da suka yi da hoton ɗakinka, kuma idan ka biya, duba ko zai riƙa sabunta kansa.

Rubuta umarnin

"Zana min falo mai kyau na zamani." Wanda ya rubuta haka zai sami abin da kowa ke samu: katafaren ɗaki ruwan toka, taga daga ƙasa har sama, tukunyar fulawa a kowace kusurwa, babu wayar lantarki ko ɗaya a bango, babu alamar wani ɗan Adam ya taɓa zama a ciki. Hotunan mujallu da na masu tallar gidaje sun yi yawa a abin da na'urar ta koya, don haka idan ka bar mata zaɓi can take komawa.

Umarni mai kyau yana faɗin abin da ba za a taɓa ba, sannan abin da za a canza, sannan haske, sannan daga ina ake kallo. Ga misali:

"Wannan hoton falona ne. Tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 3.5, tsayin bango mita 2.8. Bango, taga, ƙofa da tayil su tsaya inda suke da girmansu. Cire kujerun da ke ciki, ka sa doguwar kujera mai zaman mutum uku, ruwan toka mai haske, a jikin bangon da ke kallon taga. Bangon ya zama ruwan madara. Labule fari mara nauyi, daga kusa da silin har ƙasa. Ƙaramin teburin katako mai zagaye a tsakiya, kafet ruwan ƙasa a ƙarƙashinsa. Hasken rana na hantsi. Sauran bangon a bar shi fayau. Hoton ya fito kamar wanda aka ɗauka da waya daga bakin ƙofa."

Ka lura na ce "a bar shi fayau", ban ce "kada a sa hotuna a bango" ba. Masu zanen hoto suna da wata ɗabi'a: da zarar ka ambaci abu, ko da hanawa kake, sukan zana shi. Ya fi kyau ka faɗi abin da kake son gani. Idan dole sai ka hana, Midjourney yana da alamar --no da ake rubutawa a ƙarshen umarni, Stable Diffusion kuma yana da gurbi na daban na abubuwan da ba a so. A Midjourney ɗin dai, --ar 3:2 zai ba ka hoto a kwance, wanda ya fi dacewa da ɗaki.

Ambaci kayan da aka yi abu da su, don shi ke ba hoto rai: katako mai duhu ko mai haske, yadin auduga ko fata, ƙarfe baƙi ko ruwan tagulla, fenti mai sheƙi ko mara sheƙi. "Kujera mai kyau" ba ta gaya wa na'ura komai ba.

Batun harshe: manyan manhajojin hira suna jin Hausa gwargwado, amma masu zanen hoto sun fi gane Turanci nesa ba kusa ba. Dabarar mai sauƙi ce. Rubuta abin da kake so da Hausa dalla-dalla, ka ce wa manhajar hira ta mayar maka da shi umarnin zane da Turanci, sannan ta sake bayyana maka da Hausa abin da ta rubuta, ka tabbatar ba ta mayar da ruwan goro ruwan hoda ba. Sunayen kaloli ne suka fi ruɗa ta.

Canji ɗaya a lokaci ɗaya

Hoton farko da wuya ya yi daidai, kada ka karaya. Nemi guda uku ko huɗu a kan umarni ɗaya, ka zaɓi wanda ya fi kusa, daga nan ka riƙa canza abu guda kawai. "Komai ya tsaya yadda yake, bango kaɗai ya koma kore mai duhu-duhu." Ka duba. "Yanzu mayar da kujerar ƙarƙashin taga." Ka duba. Idan ka canza kala da kafet da fitila a lokaci guda, hoton ya yi kyau ko ya ɓaci, ba za ka san wanne ne sila ba.

Wasu manhajojin suna ba ka damar shafa yatsa a kan wurin da kake son a gyara, sauran hoton kuma ba a taɓa shi. Photoshop ya kawo irin wannan a 2023. Duk inda ka samu wannan damar, yi amfani da ita, ita ce ta fi kiyaye ɗakin.

Akwai wata cuta da za ka gani bayan gyara biyar ko shida a jere: ɗakin yana zamewa a hankali. Taga ta ɗan faɗaɗa, silin ya ɗan yi sama, tayil ya canza zane, har ka wayi gari kana gyaran ɗakin da ba naka ba. Maganin shi ne ka koma ga hoton asali, ka tattara duk abin da ka yanke shawara a kai cikin umarni ɗaya, ka fara daga can. Ka kuma riƙa adana hotunan da lamba tare da umarnin da ya haifar da kowanne, don sau da yawa na uku ne za ka dawo kana nema bayan ka kai na ashirin.

Yanzu ka zama mai binciken ƙwaƙwaf

Na taɓa ba wata manhaja hoton ƙaramin falona. Ta dawo min da wani abu da na yi ta kallo har dare: kujera mai kwana, ruwan zuma, ta rungumi kusurwa, haske na zubowa a kanta. Har na fara tura wa mutane. Washegari da na ajiye shi gefe da gefe da hoton asali, sai na ga ƙofar da ke shiga ɗakin kwana ta ɓace gaba ɗaya, an jingina kujerar a inda take. Da na sa tef, bangon da ya rage santimita 230 ne, irin wannan kujerar kuwa tana neman kusan 270. Kyan ɗan maciji ke nan.

Don haka duk hoton da ya burge ka, ajiye shi kusa da na asali ka ƙirga. Tagogi nawa, ƙofofi nawa, suna nan inda suke? Soket ya shige bayan kabad? Makunnin fitila fa? Sannan ka ɗauko takardar awonka ka gwada da waɗannan ƙididdigar da masu tsara ɗaki suka saba aiki da su. Hanyar wucewa tana son santimita 75 zuwa 90. Tsakanin kujera da teburin tsakiya 40 zuwa 45, yadda gwiwa za ta samu wuri hannu kuma ya kai. Gefen gado aƙalla 60. Kabad na rataye tufafi zurfinsa wajen 60 ne, gabansa kuma yana son kusan 90 don murfi ya buɗe mutum ya tsaya. Bayan kujerun teburin cin abinci ma wajen 90, don a ja baya a tashi. Doguwar kujera mai zaman mutum uku takan kai mita 2 ko ɗan fiye, zurfinta kusan 90.

Daga nan sai gwajin da ya fi kowace manhaja: nemi tef mai manne na takarda, ko tsofaffin kwalaye, ka shata girman kowane kaya a ƙasan ɗakin. Bar shi kwana biyu. Ka bi ta wurin da dare, ka buɗe ƙofa, ka ɗauko abu daga kabad. Idan kullum sai ka taka layin, to kayan sun yi girma, komai kyansu a hoto.

Wasu abubuwan kuma ba na gwaji ba ne sam. Idan hoton ya cire bango ya haɗe falo da kicin, na'urar ba ta san ko wannan bangon ne ke ɗauke da nauyin ginin ba, sai injiniya ya duba. Fitilar da ta rataya a saman wurin wanka, soket kusa da famfo, labule dab da murhu, duk tana zana su ba tare da ta san haɗarinsu ba. Aikin wuta na mai gyaran lantarki ne. Dogayen kabad da kantoci kuma a ɗaure su da bango, musamman inda yara suke hawa kan kaya.

Kala da haske

Fuskar waya haske take fitarwa, fenti kuwa hasken da ya faɗo masa yake mayarwa, shi ya sa kalar da ka gani a waya ba za ta taɓa zama daidai da ta bango ba. Ko wayoyi biyu ba sa nuna kala iri ɗaya. Abin da hoton zai gaya maka shi ne alƙibla: kore mai duhu ya fi dacewa da tayil ɗinka fiye da shuɗi, misali. Ainihin koren kuwa sai ka sayi ƙaramin gwangwani, ka shafa faɗin rabin mita a bango biyu, wanda ke fuskantar taga da wanda ke gefenta, shafi biyu, ka bar shi ya bushe. Kalle shi da safe, da rana tsaka, da dare a ƙarƙashin fitila. Manhajar hira za ta iya ba ka lambar kala a tsarin RAL ko NCS don ka nuna wa mai haɗa fenti, amma ka duba lambar a katin gaske, domin takan faɗi lamba da ƙarfin gwiwa alhali ta wata kalar ce.

Fitila ma tana canza komai. A jikin kwalin ƙwan fitila za ka ga lamba da harafin K. Mai 2700K haskensa ja-ja ne mai kwantar da hankali, ya dace da ɗakin kwana da falo. Mai 4000K tsaka-tsaki ne, na kicin da wurin karatu. Mai 6500K fari ne fat mai ɗan shuɗi. Bangon ruwan madara da ya yi daɗin kallo a hoto zai iya zama kamar na asibiti idan ka sa masa 6500K. Ka ce wa manhajar ta nuna maka ɗakin da dare da kowanne, za ka ga bambancin tun kafin ka saya.

Idan kaloli suka rikice maka, akwai tsohuwar ƙa'idar 60-30-10: kashi 60 babbar kala, yawanci bango, kashi 30 ta biyu, kujeru da labule, kashi 10 mai ɗaukar ido, filo ko ɗan abin ado. Ba doka ba ce, sanda ce ta dogarawa.

Lissafin fentin kansa ba shi da wuya. A falon misalinmu, kewayen bango mita 15 ne, sau tsayi 2.8 ya ba da murabba'in mita 42. Cire ƙofa da taga, ya rage wajen 38. Shafi biyu ya zama 76. Idan lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 10, wajen lita 8 ke nan, amma duba abin da aka rubuta a jikin bokitin, kuma sabon filasta ya fi shan fenti. Manhaja za ta yi maka wannan lissafin cikin daƙiƙa, sai dai ka bi sawunta da kalkuleta, tana tuntuɓe a inda ba ka zata ba.

Daga hoto zuwa kaya na gaske

Kujerar da ke cikin hoton babu ita a kowane shago a duniya, na'ura ce ta haɗa ta daga dubban kujerun da ta gani. Hanya biyu ce gare ka. Ko dai ka yanko ta daga hoton ka saka a Google Lens ko binciken hoto na Pinterest don su nuna maka masu kama da ita, ko kuma ka kai wa kafinta. Idan manhajar hira ta ba ka sunan wani kaya da shagon da ake sayar da shi, kada ka yi cinikin biri a sama, takan ƙirƙiro sunan da babu shi. Nemo shi da kanka ka karanta awonsa.

Wurin kafinta kuwa, hoto kaɗai ba ya isa, don shi ma da ido zai ƙiyasta, kuma hoton na iya ɗauke da abin da katako ba zai yi ba: kanta mai tsawon mita biyu ba abin da ya tallafe ta, ko ƙafar teburi siririya kamar tsinke. Buga hoton a takarda, ka rubuta tsawo, faɗi da zurfi a jikin kowane kaya da biro, ka ja kibiya zuwa abin da ya burge ka takamaimai, kalar katakon ce ko siffar hannun kujerar. Sannan ka tambaye shi: wane ɓangare ne a nan ba zai yiwu ba, kuma me za ka yi a madadinsa? Bar shi ya zo ya sake auna wurin da tef ɗinsa kafin ya yanka katako.

Aikin kuma ya bi jerinsa: mai wuta ya fara gama soket da wurin fitilu, a toshe ramuka, a yi fenti, a shigo da manyan kaya. Labule, kafet da kayan ado su zo a ƙarshe, bayan ka zauna a ɗakin mako ɗaya ko biyu. A lokacin ka sake ɗaukar hoto daga bakin ƙofa, daidai inda ka tsaya a karon farko, ka tura wa manhajar, ka ce ta gwada maka labule kala uku a kan bangon da yanzu ya riga ya bushe.